Holo, Refractor da Prizm: Yadda ake bambance ƙyallin katunan da ake saye da miliyoyin daloli

A watan Maris na 2022 aka yi gwanjon wani kati a Amurka, wanda bai cika tafin hannun babban mutum ba, aka sayar da shi dala 420,000.

Hoton da ke jikinsa na wata dabbar tatsuniya ce mai fukafukai da ke feso wuta ta baki, wadda masu kallon Pokémon suka sani da suna Charizard. A 1999 aka buga katin, kuma a lokacin yara ne ke tsintarsa a cikin 'yar leda mai katuna 11 da ake saye da 'yan daloli kaɗan.

Wannan hoton dai, wanda wani mai zane ɗan Japan, Mitsuhiro Arita, ya zana, an sake buga shi a 2000 da 2002 da kuma 2016. Idan aka jera katunan guda huɗu a kan tebur, wanda bai san harkar ba zai ce abu ɗaya ne: dabba ɗaya, launi ɗaya, kuma duka suna walƙiya. Amma a kasuwa tazarar da ke tsakanin farashinsu ta yi ta sama da ƙasa.

Kama da wane ba ta wane. Abu na farko da gwanayen harkar ke dubawa shi ne ƙyallin da ke jikin katin: a ina yake, wane irin zane ne a cikinsa, kuma yaya yake motsi idan aka karkata katin a gaban haske. Amsar waɗannan tambayoyi ce ke nuna shekarar da aka buga kati, da yawan irinsa a duniya, da kuma ko na gaske ne ko jabu.

Waɗanne katuna ne ake magana a kai?

Ba kartar da aka saba gani ba ce. Katuna ne da kamfanoni ke bugawa da hotunan 'yan wasa ko na jaruman finafinan zane, a zuba su cikin leda a rufe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yaga. Wasu ana buga wasa da su, wasu kuma tarawa kawai ake yi ana musaya.

Kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ne ya buɗe babin katunan wasa na zamani a 1993 da Magic: The Gathering, wanda masanin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙiro. Katunan Pokémon sun fito a Japan a watan Oktoban 1996, suka isa Amurka a Janairun 1999. A 1999 ɗin kamfanin Konami ya fitar da nasa katunan na Yu-Gi-Oh! a Japan.

A ɓangaren wasanni kuwa, manyan sunaye biyu su ne Topps na Amurka da Panini na birnin Modena a Italiya. Panini ne ke buga littafin manna hotunan 'yan ƙwallo na Gasar Cin Kofin Duniya tun daga gasar Mexico ta 1970. A littafin 2018, alal misali, Super Eagles na da nasu shafin, kuma kamar na sauran ƙasashe, hoton tambarin ƙungiyar mai sheƙi ne.

Harkar ba ƙarama ba ce. Kamfanin Pokémon ya ce zuwa watan Maris na 2024 ya buga katuna biliyan 64.8. A lokacin kullen korona kasuwar ta yi tashin gwauron zabi, har ta kai a watan Mayun 2021 babban kantin Target ya dakatar da sayar da katunan a shagunansa na Amurka na wani lokaci, bayan wata rigima da ta ɓarke a wurin ajiye motoci na wani reshensa a jihar Wisconsin.

A cikin katuna masu yawa haka, ƙyalli ne kamfanonin suka zaɓa ya zama alamar kati mai wuyar samu. Da suka ga abin ya karɓu, sai suka yi ta ƙirƙiro sabbin nau'o'i, har sunayensu suka yi yawan da ke rikita sabon shiga.

Daga ina ƙyallin yake fitowa?

Duk wanda ya taɓa juya bayan faifan CD a rana ya ga launukan bakan gizo na yawo a kansa, alhali babu fenti ko ɗigo a wurin. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wasu ƙananan layuka a jikin faifan da ido ba ya iya gani. Idan farin haske ya faɗa kansu sai ya tarwatse, kowane launi ya kama gabansa.

Haka abin yake a jikin kati. Ana ɗaukar wata siririyar leda a danna mata irin waɗannan layuka da inji, a shafe ta da alminiyom ɗan kaɗan, sannan a manna ta a fuskar takardar. Yadda aka tsara layukan ne ke sa ido ya ga taurari, ko da'irori, ko igiyar ruwa. Dangin wannan fasaha ce ke jikin katin ATM, kamar kurciyar nan ta Visa da ke motsi idan an karkata katin.

Sai dai akwai wani sirri da ya kamata a fahimta, domin shi ne mabuɗin sauran bayanin. A mafi yawan katunan, ledar ƙyallin ta rufe fuskar katin ne gaba ɗaya. Kafin a buga hoto da rubutu, sai a shimfiɗa farar tawada mai kauri a duk inda ba a son ƙyallin ya fito. Inda aka bari babu farar tawada, nan ne ke walƙiya.

Ke nan bambancin nau'o'i da dama ba a jikin ledar yake ba, a wurin da aka toshe da wurin da aka bari yake. Idan kuma farar tawadar ta yi ƙaranci a wurin bugu, ƙyallin kan leƙo ta ƙarƙashin rubutu ko gefen kati. Wasu masu tarawa na ɗaukar wannan a matsayin kuskuren inji da ke ƙara wa kati armashi, har su biya ƙari a kansa.

Tambaya ta farko: a ina ƙyallin yake?

Fuskar katin Pokémon na gargajiya ta kasu biyu. Akwai taga a sama inda hoton dabbar yake, sai ƙasa inda aka rubuta ƙarfinta da dabarun faɗanta.

Idan cikin tagar ne kawai ke walƙiya, wato bayan dabbar, sauran katin kuma takarda ce lami, wannan shi ne ake kira holo. Shi ne na asali. A jerin farko na Turanci mai katuna 102, guda 16 ne kacal holo, kuma Charizard ne na huɗu a cikinsu.

Idan kuma akasin haka ne, hoton ba ya walƙiya amma duk abin da ke kewaye da shi na sheƙi, wannan shi ne reverse holo, wato holo a juye. A cikin ledojin katunan Turanci, ya fara fitowa ne a 2002 a jerin Legendary Collection.

A nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Holo a juye ya fi ɗaukar ido saboda wurin da ke walƙiya ya fi faɗi, sai mutum ya zaci ya yi babban kamu. Amma a katunan zamani kusan kowace leda na ɗauke da irinsa, kuma kati mafi araha ma yana da nasa. Don haka ake duba 'yar alamar da ke ƙasan kati: baƙar da'ira na nufin gama-gari, mai siffar lu'ulu'u na nufin matsakaici, tauraro kuma na nufin mai wuyar samu. Kati mai da'ira, ko da yana walƙiya kamar madubi, yawanci bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma tarko na biyu. A jerin Jungle da Fossil na 1999, kowace dabbar da aka buga a holo an kuma buga ta ba tare da ƙyalli ba, da wata lamba daban. A jerin Jungle, lamba 1 zuwa 16 holo ne, 17 zuwa 32 kuma takwarorinsu ne marasa ƙyalli. A hoton da mai sayarwa ya ɗauka cikin ɗaki mai duhu, ba lallai a gane bambancin ba, amma lambar ba ta ƙarya.

Daga 2011 aka shigo da nau'i na uku, wanda hoton ya mamaye fuskar katin baki ɗaya. Galibin irin waɗannan suna da wasu siraran layuka da suka ɗan taso, waɗanda yatsa ke ji idan an shafa, kamar zanen da ke jikin ɗan yatsan mutum. A 2017 kuma aka ƙaro masu launin bakan gizo daga sama har ƙasa.

Tambaya ta biyu: wane zane ne a cikin ƙyallin?

Idan an gano wurin da ke walƙiya, sai a matso da katin kusa da ido. A nan ne Charizard ɗin nan guda huɗu ke rabuwa.

Na 1999 na Turanci, ƙyallinsa ƙananan taurari ne masu tsini, a warwatse kamar sararin sama a daren da babu wata. Na 2000, wanda ya fito a jerin Base Set 2, da'irori ne manya da ƙanana, kamar kumfar sabulu. Masu harkar na kiran wannan zane cosmos. A cikinsa akan ci karo da wani ɗan murɗe mai kama da dodon koɗi. Da yake daga babban falle ake yanko katunan, ba kowane kati ne ke dacewa da wannan murɗen ba, kuma wanda ya faɗo a wuri mai kyau, kamar kusa da bakin dabbar, yakan fi tsada.

Na 2002 mai holo a juye kuwa, ƙyallinsa tartsatsi ne kamar wasan wuta na daren biki. Wannan yana cikin 'yan wuraren da holo a juye ke da daraja ƙwarai, domin a wannan jerin kaɗai aka yi amfani da zanen. Na 2016 kuma, ko ba a duba ƙyalli ba, lambar ƙarfin da ke samansa 150 ce, ta asali kuwa 120.

Ko a cikin na 1999 ɗin ma akwai hawa-hawa. Bugun farko yana da ɗan baƙin hatimi a gefen hagu, ƙasa da hoton. Haka kuma tagar hoton ba ta da inuwa a gefen dama, saɓanin bugun baya da aka yi da yawa. Katin da ya kai dala 420,000 ya haɗa duka: hatimin bugun farko, rashin inuwa, da kuma cikakkiyar lafiya.

Akwai wani zanen mai kama da fasasshen gilashi, wanda aka fi sanya wa katunan da ke zuwa cikin kwalin da aka riga aka haɗa don masu koyon wasa. Yana da kyau a ido, amma da yake duk wanda ya sayi kwalin zai same shi, ba kasafai yake tsada ba.

Misali na baya-bayan nan ya fito ne daga Japan a 2023, a jerin Pokémon Card 151. An buga katunan holo a juye da ƙananan hotunan ƙwallon nan da ake kama dabbobin da ita a cikin ƙyallin. Mafi yawansu ƙwallon gama-gari ce, Poké Ball. Amma a kowane kwali akan samu kati guda da ke ɗauke da wata ƙwallon, Master Ball, wadda ke da harafin M a goshinta. Daga nesa ba su da maraba. Wannan ɗan harafin kaɗai na iya ninka farashin kati sau da yawa. A Janairun 2025 aka kawo wannan salo cikin katunan Turanci a jerin Prismatic Evolutions.

Yu-Gi-Oh!: a fara da sunan katin

A katunan Yu-Gi-Oh!, waɗanda suka samo asali daga littafin zane na marigayi Kazuki Takahashi, wuri biyu ake haɗawa a duba: rubutun sunan da ke sama, da kuma hoton.

Idan sunan ruwan azurfa ne amma hoton ba ya walƙiya, Rare ke nan, matakin farko. Idan hoton na walƙiya amma sunan tawada ce kawai, Super Rare ne. Idan hoton na walƙiya kuma sunan ruwan zinare ne, an hau Ultra Rare. Secret Rare kuma sunansa azurfa ce mai fitar da launuka, hoton kuma cike da siraran layuka a karkace masu ƙyalƙyali.

Sama da waɗannan akwai Ultimate Rare, wanda hotonsa da gefen tagarsa suka taso kamar an danna su da hatimi, yatsa na jin tudu da kwari. Sai Ghost Rare da ya bayyana a 2007, wanda hotonsa fari fat ne kamar fatalwa, ba a ganin komai sosai sai an karkata shi, sannan siffar ta fito kamar tana da zurfi.

A kusurwar dama ta ƙasa kuma akwai wani ɗan murabba'i mai walƙiya. A katunan Turanci, idan ruwan zinare ne to bugun farko ne ko na musamman, idan azurfa ne bugun baya ne. Idan rubutun kati ya ce bugun farko ne amma murabba'in azurfa ne, akwai lauje cikin naɗi.

Magic: tauraro mai wutsiya da zobe ɗaya tilo

Magic ya fara sanya katuna masu ƙyalli a cikin leda a 1999, a jerin Urza's Legacy. Tsofaffin suna da alamar tauraro mai wutsiya a ƙasan katin, kuma wannan alama ce ake fara nema. Shekaru da dama nau'in ƙyallin kusan ɗaya ne, launin bakan gizo mai santsi a fuskar katin.

Daga 2020 abin ya sauya. A jerin Commander Legends aka kawo wani nau'i da ba shi da santsi, ƙyallinsa kamar an barbaɗa garin ƙarfe, kuma ba ya fitar da bakan gizo sosai. A 2022 aka ƙaro mai igiyar ruwa da mai taurari.

A 2023 kamfanin ya buga kati ɗaya tak a duniya na zoben da ke cikin labarin The Lord of the Rings, da lamba 001/001 a jikinsa. Wani ma'aikacin kanti a yankin Toronto na Kanada ne ya tsince shi, kuma mawaƙin Amurka Post Malone ya saya a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai dala miliyan biyu. Akwai wasu katunan na wannan zoben da yawa, har da masu ƙyalli, waɗanda kuɗinsu bai kama ƙafar wannan ba.

Katunan 'yan ƙwallo: launi da lamba

A katunan wasanni matsalar ta ɗan bambanta, domin a wasu jerin kowane kati yana sheƙi. Katin gama-gari na Topps Chrome ko Panini Prizm fuskarsa kamar gogaggen ƙarfe take. Sabon shiga zai buɗe leda ya ga komai na walƙiya, ya rasa wanne ne na musamman.

Gwajin mai sauƙi ne. A karkata katin a ƙarƙashin fitila. Na gama-gari zai mayar da haske fari kawai, kamar murfin tukunya. Na musamman zai fitar da launukan bakan gizo da ke gudu a fuskarsa. Wannan na biyun shi Topps ke kira Refractor, wanda ya fara fitarwa a 1993 a katunan wasan baseball na jerin Finest. Panini kuma, wanda ya fara jerin Prizm a 2012 ya kuma yi na Kofin Duniya a 2014, ana kiran nasa Silver Prizm. A galibin shekaru, idan aka juya bayan katin za a ga an rubuta kalmar Refractor ko Prizm da ƙananan haruffa.

Daga nan sai launuka: shuɗi, kore, ja, ruwan lemo, ruwan zinare. Da yawansu an buga musu lamba, kamar 07/10, ma'ana na bakwai cikin goma da ke duniya. Amma launi ɗaya ba ya nufin abu ɗaya a kowane kamfani. Ruwan zinare a Prizm yawanci guda 10 ne, a Topps Chrome kuwa yawanci 50. Wanda ya yi ciniki da launi kawai bai duba lamba ba, ya yi zaɓen tumun dare.

Ƙololuwa a wurin Topps shi ne Superfractor, mai ruwan zinare da da'irori a murɗe, wanda guda ɗaya ake bugawa. A watan Agustan 2020 an sayar da irinsa na ɗan wasan baseball Mike Trout, bugun 2009, a kan dala miliyan 3.9. A 2021 kuma na Erling Haaland, daga lokacin da yake Borussia Dortmund, ya haura dala dubu 400.

Inda 'yan damfara ke shigowa

Duk inda kuɗi suka taru haka, masu jabu ba sa nisa. A ƙarshen 2021 fitaccen mai bidiyo a YouTube, Logan Paul, ya biya dala miliyan 3.5 a kan wani kwali da aka ce cike yake da katunan Pokémon bugun farko da ba a taɓa buɗewa ba. Da aka buɗe a Janairun 2022, katunan G.I. Joe aka tarar a ciki. Shi ne kuma mutumin da ya sayi katin Pikachu Illustrator a 2021 a kan dala miliyan biyar da dubu 275, wato ba baƙo ba ne a harkar.

Masu jabu sun iya kwaikwayon hoto, amma ƙyalli na ba su wahala, domin yana buƙatar irin ledar da kamfanin ya yi amfani da ita da kuma injin da ya danna ta. Shi ya sa jabun kati yakan fito da bakan gizo mai santsi da ke tafiya a miƙe daga sama zuwa ƙasa, ko da na gaskensa taurari ne ko da'irori. Katin da ya kamata a ji layuka a jikinsa kuma, jabunsa sumul yake kamar hoton studiyo. Wani lokaci ma hoton layukan kawai ake bugawa, ido ya gani amma yatsa bai ji komai ba.

Akwai kuma katunan roba ko na ƙarfe masu ruwan zinare da suka cika shagunan intanet da kasuwannin kayan wasan yara. Kusan dukkansu ba daga kamfanin suka fito ba. Na gaske 'yan kaɗan ne, kamar waɗanda Burger King ya raba a Amurka a 1999, da na ƙarfe biyu na Pikachu da Charizard da suka fito a wani kwali na musamman a 2021.

Wata dabarar kuma ba ta buƙatar jabu. Kati mai ledar ƙyalli ya ɗan fi sauran nauyi, don haka wasu 'yan kasuwa kan ɗora tsofaffin ledoji a kan ƙaramin sikeli, su ware masu nauyi, su sayar wa jama'a marasa nauyin a matsayin waɗanda ba a taɓa ba. Mai saye yana ganin sa'a yake gwadawa, alhali an riga an kwashe romon.

Yadda ake duba kati

Gwanayen harkar ba sa yanke hukunci da hoto guda. Suna neman gajeren bidiyo da ake karkata katin a hankali a ƙarƙashin fitila ɗaya, domin ƙyalli abu ne mai motsi, hoto kuma a tsaye yake. Fitilar waya a ɗaki mai ɗan duhu ta wadatar.

Bayan haka sai a karanta lambar kati da alamar jerin da ya fito, a nemo hoton na gaske a kwatanta. Kowane jeri an san nau'o'in ƙyallin da aka buga a cikinsa. Idan aka ga holo a juye a katin Turanci da aka ce na 1999 ne, magana ta ƙare, domin a lokacin ba a fara yin sa a katunan Turanci ba.

Sai madubin ƙara girman abu, irin na masu gyaran agogo ko waya. A kati na gaske, launukan hoto ɗigo-ɗigo ne da suka jeru kamar furanni, baƙin rubutu kuma a dunƙule yake da kaifin baki, domin daban ake buga shi. A jabu, rubutun ma ɗigo-ɗigo ne, gefensa a dushe. Idan aka duba kaurin katin Pokémon ko Magic ta gefe, akan ga wani siririn layi mai duhu a tsakiyar takardar, wanda ke hana haske ratsawa. Jabu da yawa ba su da shi, shi ya sa hasken tocila ke ratsa su fiye da kima.

Girman kati ma shaida ne. Na Pokémon da Magic milimita 63 ne a faɗi, 88 a tsawo. Na Yu-Gi-Oh! ya ɗan fi ƙanƙanta, 59 da 86.

Idan kati mai tsada ne, akan aika shi kamfanonin tantancewa irin su PSA da ke California, wanda aka kafa a 1991, ko Beckett, ko CGC. Su ne za su tabbatar da sahihancinsa, su rubuta nau'in ƙyallinsa, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe shi a cikin roba mai tauri. Ko wannan robar ma ana yin jabunta, don haka ake duba lambar da ke jikinta a shafin kamfanin.

Ƙyallin da ke jawo kuɗi shi ke jawo asara

Fuskar holo ta fi takarda saurin karcewa. Ɗan gogawa a kan tebur ko cikin aljihu ya isa ya bar tabon da ba a gani sai an haska, kuma wannan tabon na iya sauko da kati daga maki 10 zuwa 8. A gefen tsofaffin katuna kuma tawada kan ɗaye, azurfar da ke ƙasa ta bayyana.

Sai matsalar lanƙwashewa. Takarda na shan danshi ta kumbura, ta kuma tsuke idan iska ta bushe, amma ledar ƙyallin ba ta motsi. Idan laima ta yi yawa, gefunan katin kan ɗago ta wajen fuska. Idan bushewa ta yi yawa, kamar a lokacin hunturu, tsakiyarsa ce ke tasowa. A gasar Magic, lanƙwasasshen kati na iya jawo wa ɗan wasa hukunci, domin ana iya gane shi ta baya a cikin sauran. Shi ya sa masu tarawa ke sanya kati a leda mai laushi, sannan a roba mai tauri, su ajiye shi nesa da rana da danshi.

Kamfanonin dai ba su da niyyar tsayawa. Kusan kowace shekara sai an fito da sabon nau'in ƙyalli da sabon suna, kuma yawan katunan da ke walƙiya a cikin leda ɗaya sai ƙaruwa yake. A 1999, kusan leda ɗaya cikin uku ce ke ɗauke da holo. A yau da wuya a buɗe ledar Pokémon ba a ga kati mai sheƙi ba, kuma akasarinsu ba su kai kuɗin ledar ba.

Don haka wanda aka miƙo wa kati yana walƙiya, a kasuwa ko a intanet, aka ce masa dukiya ce, abin da ya fi masa shi ne ya karkata shi a gaban haske, ya duba inda ƙyallin yake da zanen da ke cikinsa, ya juya baya ya karanta lamba, kafin ya sa hannu a aljihu.